Na je Dahab koyon nutso mai zurfi

Daga filin jirgin Sharm al-Shek zuwa Dahab tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota, hanyar ta ratsa ta tsakiyar duwatsun Sina'i, ba bishiya ba ciyawa sai jan dutse da yashi, sai kuma shingayen jami'an tsaro nan da can su duba fasfo su ce a wuce. Kana cikin kallon duwatsun nan har ka fara gajiya kwatsam sai ka hango teku daga ƙasa, shuɗiya sosai, daga can tsallake kuma ga duwatsun Saudiyya ana ganinsu ɓaro-ɓaro in gari ya yi garau. Wannan reshen na Bahar Maliya shi ake kira Mashigin Aƙaba, siriri ne amma zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,800, kuma abin da ya sa masu nutso daga ko'ina suke tururuwa zuwa Dahab kenan, ba sai ka hau jirgin ruwa ka yi nisa ba, daga bakin gaɓa za ka taka da ƙafarka ka shiga, ka ɗan yi iyo kaɗan ƙasa ta yanke ta yi ƙasa abinta.

Ni abin da ya kai ni kwas ne na tirimiks, wato nutso har mita 60 da iska mai haɗin hiliyom. Ga wanda bai san harkar ba bari in ɗan warware. Nutson shaƙatawa da yawancin mutane ke yi iyakarsa mita 40, kuma an tsara shi ne yanda duk lokacin da wani abu ya faru za ka iya juyowa ka hau sama a hankali ka fito ba tare da dole ka tsaya a hanya ba. Da zarar ka wuce wannan zurfin ko ka daɗe fiye da lokacin da aka ƙayyade to labari ya canja, jikinka ya riga ya sha iskar naitirojin da yawa, dole ka dinga tsayawa mataki-mataki tana fita kafin ka kai sama. Wannan tsaye-tsayen mu dai diko muke ce masa. Kana iya ɗaga kai ka ga hasken rana, ka ga ƙafafun masu iyo a samanka, mita shida kacal tsakaninku, amma ba ka da ikon zuwa wurin sai lokacinka ya cika, ko da iskarka ta samu matsala, ko da ka tsorata, ko sanyi ya kama ka. Duk horon da ake yi a kan wannan ya ta'allaƙa, kowace matsala a ƙarƙashin ruwa za ka warware ta.

Ƙungiyoyin da ke ba da wannan shaidar suna da ɗan yawa. Akwai IANTD da ta faro a 1985, akwai TDI ta 1994, akwai GUE ta 1998 wadda aka sani da tsanani a kan tsarin kaya da aiki tare, PADI ma tana da nata ɓangaren da take kira TecRec. Ni ta TDI na bi, kuma a tsarinsu hawa-hawa ne, ka fara da naitiroks na gaba wanda ke ba ka damar amfani da oksijin har ɗari bisa ɗari, naitiroks kuwa iska ce da aka ƙara wa oksijin, sai kwas ɗin diko zuwa mita 45, sannan tirimiks zuwa mita 60, na ƙarshe kuma zuwa mita 100. Kafin a karɓe ka a na mita 60 sai ka cika shekara 18, kana da shaidun nan biyu na farko, kuma littafinka ya nuna nutso aƙalla 100. Na zo da duk wannan a hannu, da takardar likita da inshora.

Mu uku ne ɗalibai, ni da wata mata mai aikin jinya da wani mutum da ya girme mu, ya daɗe yana nutso fiye da mu biyun in an haɗa. Malaminmu Bamisire ne, ba mai yawan magana ba, ya karɓi katunanmu ya duba ya miƙo mana ya ce gobe da safe a bakin Lighthouse. Lighthouse ɗin nan a cikin gari yake, nan ake koya wa sababbin shiga, ruwan yashi ne mara zurfi. Wato mun zo neman mita 60 aka kai mu mita shida.

Abin da ya nema a ranar farko shi ne mu tsaya cak. Kwance a cikin ruwa, ciki na kallon ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, hannu a gaba, kar ka hau kar ka sauka kar ka yi gaba kar ka yi baya, ga tagwayen silinda a bayanka ga wasu biyu a rataye a gefenka. Da ya ga mun daidaita sai ya ce a yi bawul. Wannan atisayen sai na ɗan tsaya a kansa don shi ne ginshiƙi. Silindun baya guda biyu haɗe suke da wani ƙarfe a sama, akwai makunni a dama, akwai a hagu, akwai na tsakiya da ke raba su. Kowane gefe da regiletarsa, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar silinda ta kawo ta baki a shaƙa. In ɗaya ta fashe ko ta fara zubar da iska sai ka rufe gefenta ka koma ɗayar, in ba ka gane inda iskar ke fita ba sai ka rufe na tsakiya ka ceci rabi. To duk waɗannan makunnan a bayan ƙeyarka suke, ba ka ganinsu, hannu za ka kai baya ka lalubo, ka murɗa na dama har ya rufe, ka shaƙe ragowar iskar da ke cikin tiyo har ka ji ta ƙare a bakinka, ka cire ka sa ta biyun da ke rataye a wuyanka, ka buɗe, ka rufe na tsakiya ka buɗe, ka je na hagu, duk wannan kafaɗarka na zogi kuma idonka na kan abokan nutsonka ba a kan yashi ba, zurfinka kuma kar ya motsa fiye da rabin mita ko makamancin haka. Malam yana gefe da 'yar kyamara yana ɗauka. Da yamma ya kunna mana, kowa ya ga kansa, ba gardama tunda ga hoto.

Na tambaye shi na ce Malam, yaushe za mu fara sauka ƙasa. Ya ce ɗan'uwa, sauka ai ba a koya wa mutum, ko dalma ka saki za ta kai ƙasa, ni dawowa nake koyarwa, kuma dawowar rabinta a mita shida za ka yi ta, in ba ka iya zama a nan ba me zan je yi da kai can.

Rana in ta yi zafi sai mu koma aji. Lissafin ba mai wahala ba ne amma dole ya zauna maka a kai. A bakin teku matsin iska bar ɗaya ne, bar shi ne ma'aunin matsi, kowace mita goma ta ruwa tana ƙara bar ɗaya, don haka a mita 60 kana ƙarƙashin bar bakwai, duk numfashin da ka ja ya ninka na sama sau bakwai a yawan iskar da ke cikinsa. Iskar da muke shaƙa kullum kusan kashi 21 oksijin ce sauran kusan duka naitirojin, kuma a zurfi kowacce da irin sharrinta. Naitirojin maye take sawa, tun daga wajen mita 30 ake fara jin sa, tunani ya yi nauyi, hankali ya tattaru a abu ɗaya, mutum ya dinga jin komai daidai ne alhali ba daidai ba. Oksijin kuwa in matsinta ya yi yawa guba take zama ga ƙwaƙwalwa, Paul Bert ɗan Faransa ya bayyana haka tun 1878, tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da wani gargaɗi ba, jijjigar da kanta ba ita ke kisa ba, regileta ce ke fita daga baki mutum ya shaƙi ruwa. Shi ya sa aka sa wa matsin oksijin iyaka, bar 1.4 in kana aiki a ƙasa, 1.6 in kana hutawa a diko. Iskar yau da kullum tana kai 1.4 a wajen mita 56. Sai na uku da mutane ba su cika magana a kai ba, wato kaurin iskar. A mita 60 iskar yau da kullum tana kai giram tara a kowace lita, numfashi ya zama aiki, huhu ya kasa fitar da gurɓatacciyar iskar kabon yanda ya kamata, ita kuma in ta taru tana ƙara maye, tana ƙara haɗarin jijjiga, tana kawo firgici. Binciken Gavin Anthony da Simon Mitchell ya ba da shawarar a tsaya wajen giram 5.2, kar a wuce 6.2.

Hiliyom ce ke rage duk ukun. Ba ta sa maye a irin wannan zurfin, ga ta sakayau, sai a rage oksijin a rage naitirojin a cike gurbin da ita. Haɗin da muka fi amfani da shi 18/45 ne, oksijin kashi 18, hiliyom 45, ragowar 37 naitirojin. A mita 60 matsin oksijin ɗinka 1.26, kaurin iskar wajen 5.6, kanka kuma kamar kana mita 30 ko ma wurin da bai kai haka zurfi ba. Ba kyauta take yin aikin ba dai, tana da tsada sosai, tana shiga jiki da sauri tana fita da sauri saboda haka ba ta yafe wa mai hawowa da gaggawa.

Batun diko kuwa, misalin da kowane malami ke bayarwa shi ne kwalbar lemo mai gas, in ka buɗe murfin a hankali sai iskar ta fita shiru, in ka ɓalle shi lokaci ɗaya sai kumfa. Kumfar nan in ta tashi a cikin jini da gaɓoɓi da laka ita ce ciwon da masu nutso ke tsoro, daga ciwon gwiwa da kafaɗa har shanyewar jiki. John Scott Haldane ne ya fara fitar da jadawalin tsaye-tsaye a 1908 don sojojin ruwan Ingila, da awaki ya yi gwajinsa, ya kasa jiki gida biyar gwargwadon saurin shan iska. Daga baya Albert Bühlmann na Zurik ya faɗaɗa shi zuwa gida 16, kuma lissafinsa ne ke cikin yawancin kwamfutocin da muke ɗaurawa a hannu yau. Abin da ya burge ni da malaminmu bai taɓa nuna mana cewa lissafin nan wahayi ba ne. Ya gaya mana akwai lokacin da kowa ya yarda cewa fara tsayawa tun daga can ƙasa ya fi lafiya, sai sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka ya fitar da rahoto a 2011 da ya nuna waɗanda aka sa su tsaye-tsaye masu zurfi sun fi kamuwa da ciwon, saboda yayin da kake tsaye can ƙasa wasu sassan jikin shan iskar suke ci gaba da yi. Da yawa suka canja saitin kwamfutarsu bayan haka. Kwamfutar ba ta san ko ka yi barci jiya ba, ba ta san ko ka sha ruwa ba, ba ta san sanyi ya kama ka ba, lissafi kawai take yi.

Ɗakin haɗa iska shi ne wurin da na fi ganin tsananin Malam. Ɗaki ne mai ƙarar kwamfuresa, manyan silindun hiliyom da oksijin a jingine da bango. An riga an cika mana tun dare, amma ba wanda zai taɓa silindarsa sai ya auna da hannunsa. Ka fara saita na'urar da iskar waje ta nuna 20.9, ka buɗe bawul kaɗan yanda iskar za ta dinga fita sannu, ka kara na'urar, ka jira lambar ta daina rawa. Ta tsaya a 49.6 misali, to ba 50 za ka rubuta ba, 49.6 ɗin za ka rubuta a salatif da alƙalamin maka, ka sa kwanan wata, ka sa sunanka, sannan a jikin silindar da manyan lambobi da abokinka zai iya karantawa daga nesa ka rubuta iyakar zurfin da ake shaƙarta, 21 ga mai kashi 50, 6 ga zallar oksijin. Ka gama abokinka ya zo ya duba ya sa hannu. Matar nan mai aikin jinya ita ta fi mu saurin kama wannan, ta ce haka suke yi da magani mai haɗari, mutum biyu ke dubawa. Dalilin duk wannan a fili yake, in ka ɗauki mai kashi 50 ka shaƙa a mita 60 matsin oksijin ɗinka 3.5 ne, fiye da ninki biyu na iyaka, kuma shaƙar iskar da ba daidai ba a zurfin da ba daidai ba na cikin abubuwan da suka kashe ƙwararru a wannan harka, mutanen da suka fi mu sani nesa ba kusa ba.

Shi ya sa canja iska a ƙarƙashin ruwa yake da nasa tsarin da ba a tsallake ko ɗaya. Kun iso mita 21 kun tsaya, ka nuna wa abokinka silindar ya karanta lambar, ka duba zurfinka, ka zaro regileta, ka bi tiyon da hannu tun daga bakinka har zuwa kan silindar ka tabbatar daga ita ya fito, ka buɗe, abokinka ya ba ka alama, sannan ka sa a baki, sannan ka gaya wa kwamfutarka ka canja. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, in kana canjawa sauran kallonka suke.

Tsarin iska ma da fensir muke yi kafin mu taɓa manhaja. Mutumin da ke shan lita 20 a minti a sama, a mita 60 lita 140 yake sha. Silinda ɗaya irin ta masu shaƙatawa lita 11 ce, a matsin bar 200 kusan lita 2,200 kenan, ka raba ka gani, minti 15 da ɗan abu ta ƙare ƙaf, ba a maganar hawowa ba a maganar diko ba a maganar tsoro da ke ninka numfashi. Mu kuma dole ka ajiye abin da zai kai ku biyu zuwa wurin canjin iska na farko in ta abokinka ta ƙare a can ƙasa a ƙarshen lokaci, kuma ka rubuta a allon hannunka abin da za ka yi in ka zarce da mita uku, in ka ƙara minti biyar, in silindar diko ɗaya ta lalace.

Daga nan muka fara sauka a hankali, kowane nutso ya ɗara na baya. Mun yi a Canyon, wani tsagi ne a ƙasan teku da ke arewa da gari, ka shiga ta sama ka sauka cikinsa kumfarka na tacewa ta cikin yashi a samanka. Kuma ba nutson da Malam ya bar mu muka yi lafiya lau. Kana cikin tafiya sai ka ji kumfa na tashi a bayan kunnenka na dama, shi ne ya lallaɓo ya danna wata regileta a wurin, ma'ana gefen damanka ya fashe, yi abin da ya kamata. Kana gamawa sai ka ga abokinka ya taho da alamar ba iska, ka miƙa masa doguwar tiyon nan mai mita biyu daga bakinka ka koma ta wuya. A diko ya karɓe maka gilashin fuska, ruwan gishirin Bahar Maliya kuma ya fi na yawancin tekuna gishiri, ka ciro na ajiya a aljihu ka sa ba tare da ka bar mita shidanka ba. Ko ya rubuta maka a allo cewa oksijin ɗinka ta tafi, sai ku sake lissafi ku ukun a wurin. Gwaje-gwaje masu nauyi a ruwa mara zurfi yake yin su, a can ƙasa ido kawai yake sawa, amma ba ka taɓa sakin jiki.

A nan ne abokinmu dattijon ya samu cikas. Wallahi mutumin ya iya ruwa, numfashinsa ma ya fi namu tsimi, amma ya saba nutso shi kaɗai da kansa, in matsala ta zo sai ya duƙufa a kanta ya manta da mu, kuma yana duƙufa sai ya fara tashi sama bai sani ba. Sau da yawa Malam na riƙo shi yana dawo da shi mita shida. Ana saura kaɗan a gama ya kira shi gefe, daga baya shi da kansa ya gaya mana, an ce masa ba za a sa masa hannu a wannan zuwan ba, ya je ya yi ta atisaye a ruwa mara zurfi ya dawo a ƙarasa. Ransa ya ɓaci, ya kashe kuɗi ya ɗauki hutu, kuma ni ma na ji masa. Amma ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya tashi daga mita shida zuwa sama da bashin minti 20 na diko a jikinsa ba jarrabawa ya faɗi ba, lakarsa ya sa a caca. Abin da ke damuna a harkar nan shi ne akwai wuraren da in ka biya to katin naka ne, a haɗa maka kwas biyu uku a jere cikin 'yan kwanaki ka fito da shaidar da hannunka bai kai ba. Tambarin ƙungiyar da ke jikin katin bai kai mutumin da ya koyar da kai muhimmanci ba. Wanda duk zai shiga wannan ya tambayi malamin, shi kansa yana irin wannan nutson in ba ɗalibai, kuma yaushe rabon da ya ƙi sa wa wani hannu.

Bayan mun kammala, mu biyun da muka rage Malam ya ce zai kai mu Blue Hole. Tana arewa da Dahab kaɗan, a bayan akori-kura aka loda silindu, hanya ta bi bakin teku dutse a hagu ruwa a dama. Rami ne a cikin murjani dab da gaɓa, zurfinsa ya haura mita 100, ta gefen teku akwai wani wuri mara zurfi wajen mita shida zuwa bakwai da ake ƙetarawa, can ƙasa kuma akwai ƙofar da ake kira Arch, rufinta a wajen mita 55, tsawonta kusan mita 26, ta ɓulle zuwa buɗaɗɗiyar teku. Kafin mu sa kaya sai da ya kai mu jikin dutsen da ke arewa da wurin shiga. Alluna ne a manne, na dutse na ƙarfe, kowanne da suna da shekarar haihuwa da ta rasuwa, harsuna daban-daban, da yawansu matasa, wasu har malaman nutso ne. Bai yi mana wa'azi ba, ya bar mu muka karanta.

Duk abin da muka yi a aji yana bayanin allunan nan. Mutum ya zo da silinda ɗaya ta iskar yau da kullum don ya ji ance ƙofar ba nisa. A mita 55 maye ya riga ya kama shi, oksijin ɗinsa na bakin iyaka, iskar ta yi kauri. Ruwan garau yake ga haske na shigowa daga ɗaya bakin sai ƙofar ta yi kamar taku kaɗan ce, alhali sau da yawa ruwa na turowa ciki, ya yi ta bugun ƙafa numfashi na ƙaruwa. Wani ma ba ya ganin ƙofar sam, tunda daga sama ba a hango ta sosai, sai ya ci gaba da sauka yana nema, kuma ba ƙasa kusa da za ta tare shi. Ramin ba shi da wani aljani, wuri ne da ke da sauƙin shiga, kuma zurfin da ke kisa yana nan ƙasa da kai kaɗan.

Mu da 18/45 muka sauka, silindun diko biyu-biyu. Muka bi bango, murjani ya ƙare, haske ya koma shuɗi mai duhu, masu nutson numfashi ɗaya da ke bin igiyoyinsu a tsakiyar ramin muka bar su a sama. Wajen mita 50 sai bangon ya fara buɗewa, abin da na fara gani wani shuɗi ne daban mai haske a cikin duhun, sannan girman ƙofar ya bayyana, ba a ganin ƙasanta. Abin da ba zan manta ba shi ne yanda kaina yake garau. Ina karanta kwamfuta ina gane abin da ta ce nan take, ina ganin fitilar abokiyar nutsona a gefena, na duba geji na ga iskar daidai da abin da na rubuta a allo, na ɗaga kai na ga kumfarmu na taruwa a rufin tana gudu kamar ta san hanya. Ruwa na ɗan turo mu amma ba mu yi gaggawa ba. 'Yan mintoci muka ɓulla waje, bango ya miƙe sama ya miƙe ƙasa, gabanmu ba komai sai teku.

Daga nan aikin ya fara. Muka hau da saurin da bai wuce mita tara zuwa goma a minti ba, muka yi tsayuwar farko, muka iso 21 muka canja ɗaya bayan ɗaya kamar yanda aka koya mana, sai 18, 15, 12, 9, kowanne ya fi na baya tsawo, a shida muka koma zallar oksijin muka zauna. Ƙasa da minti 20 muka yi a zurfi, hawowa ta ci kusan ninki biyun haka. A wannan gaɓar ta Dahab ne Ahmed Gabr, ɗan Masar, ya kai mita 332.35 a watan Satumba na 2014 har kundin bajinta na Guinness ya rubuta masa, saukarsa ba ta kai minti 15 ba, fitowarsa kusan awa 14. Namu ɗan ƙarami ne a kan nasa amma tsarin ɗaya ne. Gefen wajen Blue Hole a mita shida kuwa wuri ne mai kyau ƙwarai, murjani lafiyayye, ƙananan kifaye ruwan lemo dubbai suna shiga suna fita, sai dai ido ɗaya na kan kifi ɗaya na kan abokiyarka, don a kan oksijin kuke kuma kowa mai gadin ɗan'uwansa ne. Da kwamfutocin mu ukun suka share muka ɗauki mintoci muna hawa mita shidan ƙarshe, muka ƙetara muka koma cikin ramin muka fito. Malam ya hana mu ɗaukar silindu nan take, ya ce a zauna a inuwa a sha ruwa tukuna, aikin ƙarfi bayan diko na iya tada kumfa.

Katin ta imel ya zo, an rubuta mita 60, oksijin kar ya gaza kashi 18. Matakin gaba na mita 100 wata duniya ce, haɗin da ake sauka da shi oksijin ɗinsa ya yi ƙarancin da in ka shaƙe shi a sama za ka suma, sai da wata silinda daban za ka fara sauka. Na tambayi Malam ya ce in je in tara nutso a tsakanin 45 da 60 da abokai nagari tukuna, in kuma dinga komawa ruwa mara zurfi ina bawul, don hannu na mantuwa. Dattijon namu kafin ya tafi ya riga ya sa ranar dawowa.

Na so in hau Dutsen Sina'i kafin in bar yankin tunda daga Dahab ake zuwa, amma tsayinsa mita 2,285 ne, kuma ga wanda ya yi diko hawa tudu irin wannan daidai yake da shiga jirgin sama, matsi na raguwa ragowar iskar da ke jiki na iya yin kumfa. Ƙa'idar da muke bi aƙalla awa 24 bayan nutson diko kafin jirgi ko dutse, wasu ma suna ƙarawa. Akwai ɗakin matsi na jinyar masu nutso a Dahab akwai a Sharm, lambobinsu na rubuce a allona tun ranar farko, alhamdulillahi ba mu buƙace su ba. Sai na bar dutsen zuwa wani karon, na zauna a gari na wanke kaya da ruwan daɗi na shanya, na cike littafin nutsona Malam ya buga hatimi, da lokacin ya cika na kama hanyar Sharm.